Hannun Hagu na Rigar Kaki

Sunana Sada, amma daga Ƙofar Guga har Gobarau in ka ce Sada kawai sai a tambaye ka wanne. Ka ce Sada Sumul. Sunan nan ba gadonsa na yi ba, ba kuma a makaranta aka ba ni shi ba, don ni ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba. A ƙarƙashin kwalbati na samo shi.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ina lebura a wani kamfanin Turawa mai shimfiɗa titi yamma da gari. Muna sauke kwalbati daga bayan mota, igiya ta tsinke, abin ya gangaro ya bi ta kaina. Siminti ne wanda ƙarti goma ba su ɗaga shi. Helmanmu, shugaban leburori, har ya cire hula ya fara salati. Da aka mirgina shi gefe na tashi, na kakkaɓe wando, na tambayi ina shebur ɗina. An kai ni wurin mai ɗori a wani ƙauye, wannan gaskiya ne, na kuma ɗan kwana biyu can, amma don hankalin kamfani ya kwanta ne. Na dawo sumul, sunan ya bi ni.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, shi ne Babaji, taubashina, ɗan ƙanen uwata, tsohon mahauci. Cewa yake hannuna na hagu bai kai na dama ba, wai mai ɗori ya haɗa ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, an yi asarar tsawon yatsa uku. Wai shi da ya tsufa yana sara ƙashi a kan gungume, in ya kalli dabba sau ɗaya ya san ƙafar da ta taɓa karyewa. Ya sha cewa in miƙa hannuwan biyu a gwada. Ni ba ragon layya ba ne da za a tattaɓa ni a bainar jama'a.

Ina da shaida, kuma ita ta rufe mashi baki shekara da shekaru. Rigar aiki ce ta kaki mai dogon hannu wadda kamfani ya ba ni. Inji ya yanka ta a ƙasar Turawa, inji kuwa ba shi da taubashi, hannu biyu daidai yake yankawa. In na sa ta na ɓalla maɓallan, na dama ya sauka a wuyan hannu, na hagu ya sauka a wuyan hannu. Da hannuna ya gajarce, ai da rigar ta rufe mani yatsu. Sauran suturata 'yar shara ce da babbar riga, ba su da bakin hannun da za a kafa hujja da shi. Saboda haka rigar tana rataye a ƙusa, sai ranar da na ji Babaji ya tashi da ƙaiƙayin baki in sa ta in fito. Matata Indo ke kula da ita. Tun ranar da na dawo daga wurin mai ɗori, muna sabon aure, ta karɓe ta ta ce za ta wanke jinin da ya ɓata ta, jinin wani ne da ya tsaya kusa da ni, kuma daga ranar ba ta taɓa yarda mai wanki da guga ya taɓa ta ba.

Majalisarmu benci biyu ne ƙarƙashin itacen bedi, gaban shagon Timoti tela. Timoti mutumin Zonkwa ne, ya zo Katsina yana saurayi da keken ɗinki ɗaya, ga shi yau furfura ta fito mashi a unguwarmu. Shi ya ɗinka kayan auren ɗiyata Maimuna. Ba shi da yawan magana, ranar Lahadi ya rufe shago ya tafi coci, ranar Litinin ka samu kayanka a ninke. Duk Ƙofar Guga ba wanda ya taɓa mayar mashi da ɗinki.

Wata safiya ina sanye da rigar, Babaji yana ta ɓaɓatu, sai ga mota ta tsaya. Wani matashi ya fito, Ashraf sunansa, ɗan wani babban ma'aikaci a Jiyare, unguwar manya. Sana'arsa sayar da tufafi ta waya. Ya gaishe mu har ƙasa, ba laifi, an yi mashi tarbiyya. Ya nuna wa Timoti hotunan wasu Turawan da, masu haƙar ma'adinai, ya ce irin rigunansu samari ke nema yanzu a Abuja da Legas, a gwanjo sun yi wuya, yana son a ɗinka mashi sababbi masu kama da tsofaffi. Yana cikin bayani ya juyo ya gan ni. Ya bar bayanin ya matso kusa.

"Baba, wannan rigar a ina ka same ta?"

"A inda ake samun irinta," na ce. "Bakin aiki."

Ya nemi izini ya zagaya ni. Ya taɓa ɗan madaukin da ke ƙeya.

"Wannan fa, ado ne?"

"Na ƙusa ne. Lebura ba shi da akwati a daji. In rana ta take ka cire, ka rataye a ƙusa ko a reshe, kwala ba ta lalace ba."

"Da shi aka jawo shi daga ƙarƙashin kwalbati," in ji Babaji. "Kamar ɗan kyanwa."

Ban kula shi ba. Na nuna wa yaron kafaɗa, inda yadin yake ninki biyu, na ce nan rodi ke zama da buhun siminti, riga mai falle ɗaya wata guda ba ta yi. Na sa shi ya ja tattarar da ke tsakiyar baya ya ga yadda take buɗewa, na ɗaga hannu kamar zan sara diga, na ce in ba ita ba duk sara ɗaya sai riga ta shaƙe ka a hammata. Ya tambayi murfin aljihu. Na ce wanda ya taɓa sunkuyawa cikin rami goronsa ya faɗa cikin kwaɓin siminti ba ya yin wannan tambayar.

"To wannan 'yar kafar da ke jikin murfin?"

"Ta fensir ce, don helma da akawu. Ni asuwaki nake sakawa. Ya fi fensir amfani, ga haƙorana nan, ga na Babaji can, ka gwada."

Aka yi dariya, ban da Babaji, don in ya yi dariyar ma ni zai ba gaskiya.

Yaron bai gaji ba. Ya gano ƙananan hujin da ke hammata, na ce ƙofar iska ce. Ya gano ɗan ƙyallen nan mai kusurwa uku a gefe, can ƙasa inda gaba da baya suka haɗu, na ce daga nan kowace riga ke fara yagewa, shi ya sa aka kafa mata mai gadi. Ya ɗaga kwala ya ga ɗan harshe mai maɓalli a ɓoye, na ɓalla shi ya rufe mani maƙogwaro, na ce ranar zuba kwalta ke nan, ɗigo ɗaya in ya shiga wuyanka sai ka tuna sunan kakarka. Babu abin da ya tambaya na ce ban sani ba. Kalmar nan ba ta taɓa kwana a bakina ba.

Ya roƙe ni in ba Timoti aron rigar a yi samfur da ita, kamar yadda kowa ke kai tsohuwar rigarsa wurin tela a ɗauki awo. Ya ce kada a canza komai. Na ce zan yi shawara, amma a raina na riga na ga samarin Abuja sanye da rigar Sada Sumul.

Indo tana tankaɗe na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Malam, kada ka ba da rigar nan."

"Aro ne, ba kyauta ba."

"Na ji. Kada ka ba da."

"Saboda me?"

"Ta tsufa. Tela zai ja ta nan ya ja ta can."

Na ce rigar da kwalbati bai yaga ba, ba Timoti ne zai yaga ta ba. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Mata haka suke da abin da suka daɗe suna wankewa.

Na kai rigar da kaina, na shimfiɗa ta a teburin Timoti gaban jama'a. Na ce, "Duk abin da ka gani a jikin rigar nan Bature ya sa shi da dalili. Kada ka ƙara, kada ka rage, ko zare ɗaya." Ya ɗauko tef da alli ya fara awo. Can sai ya tsaya, ya sake aunawa, ya leƙo ta taga ya yi ƙasa da murya.

"Baba Sada, ɗan zo mana. Hannun nan..."

"Me ya samu hannun?" in ji Babaji, wanda kunnensa ba ya jin kiran salla amma yana jin wannan.

Na ce, "Timoti, na ce maka ko zare ɗaya. Kai ne ka fi injin Turawa sanin yanka?"

Ya dube ni, ya dubi Babaji. Ya ce, "A'a, Baba." Ya koma ya ja allinsa.

Ya gama awo ya maido mani rigata. Ashraf ya kawo yadin kaki mai kauri bandir guda, Timoti ya yanka shi duka, keke ya yi ta kuka har muka saba da shi kamar kukan tsuntsu. Aka zo aka kwashe riguna.

Ranar da abin ya faru ina sanye da tawa, don Babaji ya kwana biyu yana neman magana. Motar Ashraf ta tsaya, ya fito sanye da sabuwar. Wallahi ta yi kyau, kamar ni ina saurayi, sai dai shi ba shi da ƙirji. Ya yi sallama a gajarce, ya tsaya bakin shago, ya miƙa hannuwansa biyu gaba. Na dama ya sauka a wuyan hannu. Na hagu ya tsaya sama, fata a waje, yatsa uku.

A daidai lokacin zafi ya taso mani. Na kwance maɓallan hannuna na naɗe su har gwiwar hannu.

"Oga Timoti," in ji Ashraf, "duka haka suke. Na gwada, ƙanena ya gwada, direbanmu ya gwada. Mutane sun riga sun ga hotuna suna jira. Babana ne ya ce in zo wurinka, wai ba ka kuskure. Da na sani Kano na kai."

Timoti ya miƙe daga kan keke. Ya ce, "Yadda aka ba ni na yi."

"Wane kamfani ne zai yi riga hannu ɗaya dogo ɗaya gajere?"

Tef ɗinsa na rataye a wuyansa, ni kuma ga ni zaune da rigar a jikina, taku kaɗan tsakaninmu. Ya dube ni. Sai ya zare tef ɗin daga wuya, ya naɗe shi a hankali, ya jefa cikin durowa ya tura. Ya ce, "To, sai yadda ka ce, ranka ya daɗe." Masu wucewa sun fara tsayawa. Mai shayi ya bar tukunyarsa. A unguwa irin tamu, tela in aka ce ya ɓata bandir guda, ko wandon makaranta ba a sake kawo mashi ba.

Babaji ya gyara zama, ya ajiye sandarsa a cinya. "Abin ai mai sauƙi ne. Ga uwar riga nan. A cire a auna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ni na san abin da awo zai nuna, tun da hannuwana daidai suke. Amma tef ɗin zamanin nan ba abin yarda ba ne, zafi na miƙar da shi. Kuma ba zan zauna ina kallo a kashe sunan mutumin da ya yi wa ɗiyata ɗinkin aure ba. Na yi gyaran murya.

"Yaro, zo nan. Na ɗauka kana da ido. Ka tambaye ni madauki, ka tambaye ni huji, babban cikinsu ka tsallake shi. Mene ne ɗaure a hannunka na hagu?"

Ya duba. "Agogo."

"Kana ganinsa?"

"Ina gani."

"Ka ja riga kafin ka gan shi?"

Ya girgiza kai.

"Mai aikin kwalta hannunsa baƙi ƙirin yake wuni. In yana son sanin lokaci, da me zai ja hannun riga? Ya ɓata riga, ya ɓata agogo. Bature ya zauna ya yi tunani, ya rage na hagu yatsa uku. Ka juya hannu kawai, ka ga lokaci, ka ci gaba da aikinka. Timoti ya yi maka rigar aiki ta gaskiya, kai kuma kana neman ta zuwa biki."

"Lebura da agogo?" in ji Babaji. "Kai da inuwa kuke duba azahar."

"Helma na da shi. Riga iri ɗaya ake yanka wa kowa, don kamfani na sa ran kowa ya zama helma wata rana. Ba kamar fawa ba, da in ka fara da wanke hanji ka mutu kana wanke hanji."

Ashraf ya juya hannunsa, ya sake juyawa. Agogon na ƙyalli a fili. Ya ɗauko waya ya ɗauki hoton wuyan hannunsa. Ya ce bai taɓa ganin wannan a rigunan da ke cikin hotuna ba. Na ce waɗancan na masu haƙar rami ne, a cikin rami wa ke ganin agogo. Ya shiga shago ya ba Timoti haƙuri da hannu biyu, ya ce a shirya, wani bandir na zuwa.

Mota na tashi Babaji ya ce, "Taubashi."

"Na'am."

"Na yarda. Bature ya rage na hagu yatsa uku. Ga shi mun gani a jikin yaro mai hannu lafiyayye, ya tsaya sama." Ya ɓare goro, bai yi sauri ba. "To kai me ya sa naka yake sauka daidai wuyan hannu?"

Duk majalisa ta juyo tana kallona. Har keken Timoti ya tsaya.

"Wa ya ce maka yana sauka daidai?"

"Kai. Shekara nawa kana tura mana shi a hanci."

"Na dama nake nuna maka. Idonka ne ya tsufa."

"To sauke mu gani."

"Ba na sauke hannun riga da umarnin mahauci. Zafi nake ji. Gobe da safe in rana ta fito sosai, yadda ko kai za ka gani, ka zo da wanda kake so."

"Zan zo da kowa," in ji shi. "In ya sauka daidai, daga gobe sunanka Sada Yatsa-uku."

Na koma gida. An kawo tuwo na ɗan taɓa, ba don komai ba, miyar ce gishiri ya yi mata yawa. Indo ta zauna bakin ƙofa tana kallon kwanon. Na ba ta labari duka, don ta ji yadda na ceci Timoti.

Ta ce, "Ai na ce kada ka ba da."

Na ture kwanon gefe, ita kuwa ta ci gaba.

"Yatsa nawa ya tsaya a hannun yaron?"

"Uku."

"Irin naka ko irin nasa?"

"Yatsa ai yatsa ne."

"Ba ɗaya ba ne. Naka sun fi kauri." Ta kama hannuna ta duba yatsun kamar yau ta fara ganinsu, ta saki. "Cire rigar in wanke, ta yi zufa. Kai kuma ka je ka dubo Maimuna, an ce ɗanta ba ya jin daɗi. Kada ka yi saurin dawowa, ka san ta da son hira."

Na tafi bayan la'asar. Yaron lafiyarsa lau, yana ta tsalle a tsakar gida.

Da safe na tarar da rigar a ƙusarta, an goge ta, kwala a tsaye. A aljihun hagu akwai agogon marigayi baban Indo, mai madaurin ƙarfe, wanda ya daina tafiya tun kafin mai shi ya daina. Na sa riga, na ɓalla maɓallai. Na dama ya sauka a wuyan hannu. Na hagu ya tsaya sama, yatsa uku, kamar yadda yake tun ranar da kamfani ya ba ni ita. Na ɗaura agogo na fita.

Babaji ya cika alkawari, benci biyu ba su isa ba. Na tsaya gabansa na miƙa hannun hagu, na juya shi.

Ya daɗe yana kallo. Ya jera yatsunsa uku a kan fatar, suka cika wurin cif. Ya kama bakin hannun rigar ya juya cikinsa ya kai kusa da ido. Ya kira Timoti ya ce ya duba mashi wannan ɗinkin. Timoti ya sa tabarau, ya bi shi da farce daga farko har ƙarshe.

"Ɗinkin Bature ne," in ji shi. "Ni ban iya irinsa ba."

Babaji ya saki hannuna. Ya jingina da bedi.

"Indo tana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ka gaishe ta. Ka ce mata na yi murna har yanzu tana ganin kafar allura." Ya tauna goronsa. "Ƙarfe nawa, Sumul?"

Na juya hannu na duba, ban ja riga ba. Na ce, "Lokacin da mahauta ke yin shiru."

Yanzu in ka bi ta Jiyare da yamma za ka ga samari da rigar kaki, hannun hagu a ɗage, agogo a waje. Timoti ya ƙara keke. Ashraf ya dawo yana tambaya ko akwai ta bahago, na ce kamfaninmu bai ɗauki bahago aiki ba, amma ba haram ba ne.

Kwanan baya ina neman ashana na buɗe gwangwanin alluran Indo. A ƙasa, ƙarƙashin zare, akwai ƙyallen kaki guda biyu, kowanne zagaye kamar awarwaro, faɗinsu ɗaya, kamar yatsa uku. Ɗaya ya koɗe kamar rigar, ɗaya kuwa launinsa na nan da ƙarfinsa, kamar bai taɓa ganin rana ba, da ɗan tabo baƙi a gefe. Na mayar na rufe. Mata da tara tarkace, in ka ce za ka tambayi dalilin kowanne sai ka wuni.